Ɗana Claude Ya Ƙi Tafiya

Anti Ƙaltume, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni mai haɗa magani ne a unguwar Ƙurban, nan Madina. Kullum mutane na kawo mini ciwonsu, yau ga nawa ya fi ƙarfina.

Bara Allah ya ba mu ɗa namiji, aka sa masa sunan mahaifina. Kin san al'ada, ni kaina ba na iya faɗin sunan, balle matata Mimi, dole a nemo laƙabi. Mahaifiyata, Hajiya Fatna, ta ce Walid. Mimi kuwa 'yar Maraɗi ce da ta yi boko a Yamai, ta ce kowane gida a layinmu akwai Walid, ita Claude take so, sunan wani malaminsu mai kirki. Mai jego ce, na ce khalas, shi ke nan. Hajiya ta yi ta fama da harshenta har ta tsaya a kan Kulodi.

Yanzu yaro ya shekara da 'yan watanni, ko tsayuwa ba ya yi. 'Yar maƙwabcinmu, wadda ɗana ya girme ta, har satar mana takalma take yi da gudu. Ran nan na yi wa abokin aikina Abdulrauf ƙorafi, mutumin Cadi ne, ya sha Faransanci. Da ya ji sunan sai ya ajiye kofin shayinsa. Wai Claude daga Latin ya samo asali, ma'anarsa gurgu. Anti, gurgu! Safe da yamma muna kiran ɗanmu gurgu, a garin Manzo kuma, inda addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Ban gaya wa kowa ba. Na sa Abdulrauf ya zaɓo mini wasu sunayen Faransawan, ina gwadawa a ɓoye, ko zan canza ba tare da Mimi ta ce na raina zaɓinta ba. Na fara da Pierre, wato dutse, don ya yi ƙarfi. Ya zauna daram a cinyar Hajiya, ko juyi ya daina. Na koma Léon, zaki, ya gartsa wa ƙanwata Lubna cizo a kafaɗa. Na gwada Georges, manomi, ranar da muka je gonar dabino a Al-Awali, ya miƙo hannu daga cinya ya damƙi ƙasa ya cika baki. Philippe kuwa, mai son dawaki, tun ranar ni ne dokin, bayana har yanzu ciwo yake.

Kuma ba rashin kulawa ba ne. Hajiya ta ce ba a ajiye mai sunan mijinta a kan tayil kamar buhun shinkafa, Alhaji guda! In ta gaji Lubna ta karɓa, in Lubna ta gaji Mimi ta goya.

Ina jin tsoro ƙwarai. In na faɗa, Mimi za ta yi kuka, Hajiya kuma ta ce suruka ta gurgunta mata miji. In na yi shiru, yaro na nan zaune. Yaya zan yi?

Dokin Philippe, Madina

Malam Doki, sannu da ɗawainiya. Abdulrauf bai yi ƙarya ba, asalin sunan ke nan. Damuwarka ma tana kan hanya, don addini ya so a zaɓa wa yaro suna mai kyakkyawar ma'ana. Amma Mimi ba gurgu ta nufa ba, malaminta ta tuna, kuma ina kyautata zaton da ƙafarsa yake zuwa aji.

Ka daina yi wa sunayen Faransawa kallon asiri. Yawancinsu irin namu ne. Georges ɗin nan Nomau ne ya sa kwat. Dieudonné shi ne Kyauta. Ni na san wani Sarki da ke sayar da rake. Cizo da cin ƙasa da hawan bayan uba kuwa, duk ɗan shekara guda yana yi, ko da sunansa Waliyyi.

Ka gaya wa Mimi ku biyu kawai, cikin raha, ka bar mata zaɓin sabon laƙabin. In Faransanci take so har yanzu, ga Olivier, zaitun, itace mai albarka. Hajiya ba ta bukatar darasin Latin, ku ce an yi wa Alhaji ƙarin girma. Ku kai shi wurin likitan yara ya duba ƙafafun, hankalinka ya kwanta.

Amma maganin yana cikin wasiƙarka, kai mai haɗa magani. Yaron da bai taɓa taka ƙasa ba, a ina zai koyi tafiya, a kafaɗar Lubna? Ka sayo darduma mai laushi, ka ce wa Hajiya ta zaman Alhaji ce ta musamman, ka ajiye dabino a ɗaya gefen. Ku sauke Alhaji ƙasa.

Allah ya raya shi, ya ba ku ƙafar bin sa, ya ba bayanka lafiya.

Anti Ƙaltume