Muryar Iya Mairam

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Yau na fara aikin binciken nan kan cacar ƙwallo da yadda take rusa gidaje. Malam Nu'uman, shugabanmu, ya raba mana rikoda, ya ce mu tabbatar wa mutane ba mai jin maganarsu sai mu. Mutumin akwai daɗin baki.

Alhamis, 11 ga Janairu

Gida shida na shiga, kowa lafiya lau. Mutanen Haɗeja da rufin asiri. Da na rasa mafita sai na nufi Iya Mairam, aminiyar mahaifiyata, wadda ta goya ni. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗa. Ashe bara autanta Misbahu ne ya sayar da injin ban-ruwan babansa ya zuba a caca, alkamarsu ta bushe a fadama, suka ce wa maƙwabta ɓarayi ne. Ya tuba, har an sa ranarsa da Radiyya bayan ƙaramar Salla.

"Don ke ce, Saudatu," in ji ta. Na rantse mata ba mai ji.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Taron bayyana sakamako. Limamai, masu unguwanni, baƙi daga nesa. Malam Nu'uman ya ce alƙaluma ba sa taɓa zuciya, kawai sai ya kunna muryar Iya Mairam a lasifika. Wai ya cire suna. Matar da ta shekara talatin tana kiran ciniki a layin 'yan kifi, da Hausarta ta Barebari, wa zai ce bai gane ta ba? Baban Radiyya yana layin gaba. Na ga lokacin da ya sunkuyar da kai.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Na tare Malam Nu'uman. Ya ce baƙi sun yaba ƙwarai, kuma kada in sa son zuciya a aikin ilimi. Shi gobe zai hau mota ya tafi. Ni a nan zan tsufa. Ya ci amanata, ya sa na ci ta uwar goyona, kuma ko a jikinsa.

Talata, 20 ga Fabrairu

An fasa auren.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Na je gidan Iya Mairam. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Tabarmar baƙi ta shimfiɗa mini, ta kawo ruwa a kofin tangaran.

"Sannu da zuwa, Malama. Akwai sauran tambaya ne?"

Laraba, 28 ga Fabrairu

An tura ni garin Malam Madori. Wata mata ta ja ni ɗaki, ta rage murya, za ta fara ba ni labarin mijinta. Sai na tambaye ta inda ta sayi labulenta, muka yi ta hirar atamfa har la'asar. Gajiya ce, ina jin.

Gida huɗu na shiga yau. A takarda na rubuta duk lafiya lau.