Ofis a Gindin Lemo

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano

Zuwa ga Yaya Jawahir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya zafin Maiduguri? Tunda kin ce in daina turo miki dogayen saƙonnin murya, wai suna cinye miki data, ga shi na zauna na rubuta.

Kin san aikin da na samu da kamfanin nan na Legas, na sauraron koken masu sayayya ta kwamfuta. Daga gida ake yi, sharaɗinsu wuri mai shiru da wutar da ba ta ɗaukewa. Har yanzu gwaji nake, ba su tabbatar da ni ba. Cikin gida kuwa kin san shi, in ba ƙarar turmi ba, to rediyon Inna. Shi ne na gyara lambun Baba na baya. Na sa aka share, aka yi mini ɗan ɗaki na katako a gindin lemon tsami, aka sa silin saboda zafi, taga na kallon zogale. Celestine, mai shagon kayan wuta a Sabon Gari, ya zo ya ɗora sola, ya kafa fanka. Na sa tebur da kujera mai juyawa, na yanko labule a kasuwar Kwari. Ranar da aka gama, Yaya, na zauna na ji ni ma wani ne.

Daɗin bai yi nisa ba. Don shigo da katako, sai da aka buɗe tsohuwar ƙofar lungu, wadda ke rufe tun rasuwar Baba. Ina tsakiyar lallashin wata mata da firjinta ya ƙi sanyi, sai ga sallamar Goni Ari, aminin Baba, da sandarsa. Ya zan yi? Na amsa. Kin kuma san gaisuwar Goni, sai da ya tambayi lafiyar kowa, har akuyar da muka sayar bara. Washegari ya dawo da Alhaji Abdulnasir da wasu tsofaffin. Da suka gano wutata ba ta ɗaukewa, shi ke nan, kowa da wayarsa da cajarsa a aljihun riga.

Na buga takarda da manyan baƙaƙe, BA SHIGA, ANA AIKI, na manna a ƙofa. Goni ya sa tabarau ya karanta a tsanake, ya ce, “Madalla, hakan ya yi. Yaran unguwar nan ba su da ta ido.” Sannan ya turo ƙofa ya shigo.

Na kai ƙara wurin Inna, ta ce ai a gida nake, mutum yana gida ta yaya za a ce ba ya nan? Don Allah ki kira ta, ke take jin maganarki. Na gaji, kuma aikin nan shi ne na farko da na samu tun da na gama bautar ƙasa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Bahauddeen

*

Maiduguri

Manaja Baha,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, yara suna gaida kawunsu mai kujera mai juyawa.

Na karanta, na yi dariya har maigidan ya leƙo. Kai da ka shimfiɗa inuwa da fanka da wuta a Fagge, ka ce kada a zo? Ai wanda ya zuba gero a tsakar gida ba ya faɗa da kaji. Amma na ji tausayinka. Na kira Inna, ta ce in kwantar da hankalina, ta san abin da za ta faɗa musu wanda ba zai zama cin fuska ba.

Ka riƙa shayar da zogalen nan, kada ofis ya kashe shi.

Yayarka,
Jawahir

*

Rijiyar Lemo

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Kin san abin da Inna ta faɗa musu? Cewa ta yi ba na jin daɗin jikina, a bar ni in huta. A Kano, Yaya. Ta gaya wa tsofaffin Fagge cewa ɗan amininsu ba shi da lafiya, wai don kada su zo.

Ranar ina taro da shugabata, Madam Precious, da sauran ma'aikata, kowa na ganin kowa ta kyamara. An zo kaina ke nan ina bayani, ƙofa ta buɗe. Goni ne a gaba, Alhaji Abdulnasir da ledar lemo da ayaba, bayansu mutum har bakin zogale. Ta cikin gida kuma ga matan maƙwabta da kwanon kunu. Sannu ta ko'ina. Ina ɗaga hannu ina nuna kwamfuta, Alhaji ya ce, “Ku duba, ko magana ba ya iya yi.” Wata ta ce idona ya faɗa. Goni bai yi wata-wata ba, ya cire mini abin jin magana daga kunne, ya dafa kaina, ya ja addu'a mai tsawo, ya tofa mini. Mutanen Legas suna kallo. Ni kuma na shafa, don ba a ƙin shafa addu'ar Goni.

Bayan an watse Madam Precious ta kira ni. Ta ce in ba ni da lafiya me ya hana in faɗa, in kuma lafiyata ƙalau, to wannan wace kasuwa ce? Ta ce taron mako mai zuwa shi ne na ƙarshe. In aka sake jin muryar wani a bayana, sun sallame ni.

Na shiga wurin Inna da zafi, na faɗi maganganu. Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Abin ya dame ni, amma ni ma an dame ni.

Na yanke shawara. Celestine yana da ɗan ɗaki a saman shagonsa, ya ce in zo in zauna. Na san Sabon Gari da ƙarar janareta, amma janareta ba ya sallama, ba ya tambayar akuya. Zan kwashe kayana, in sa kafinta ya buge ƙofar lungun nan da ƙusa. Duk wahalar da na sha a ɗakin nan ta tashi a banza.

Bahauddeen

*

Maiduguri

Ƙanina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wannan karon ban yi dariya ba. To, na ɗan yi, a wurin tofin.

Ka saurare ni. Kai makarantar kwana ta cinye ka, daga nan jami'a, ba ka san lambun nan yadda na san shi ba. Inda ka dasa ofishinka, nan ne majalisar Baba. Nan Goni da su Alhaji suka yi shekaru suna zama, Inna na aika musu da shayi. Da aka yi sadakar arba'in aka rufe ƙofar, ba wanda ya sake bugawa. Ranar da Goni ya fara dawowa Inna ta kira ni, ta ce, “Jawahir, yau na ji sallama ta ƙofar baya.” Ta ce ta sauko da butar shayin Baba ta wanke. Matar da ta yi wannan kake so ta fita ta ce musu ɗanta ba ya son ganinsu? Ƙaryar ciwo ta fi mata sauƙi, shi ya sa ta yi ta.

Ban ce ka bar aikinka ya salwanta ba, Allah ya kiyaye. Amma takarda ka manna wa dattijo, ba ka taɓa zuwa ka durƙusa ka yi masa bayani ba. Ka fara ba Inna haƙuri. Sannan ka je gidan Goni da ƙafarka, ka gaya masa gaskiya. Ka kuma tambaye shi yadda Baba yake samun yin karatunsa a tsakiyar wannan taron, don yana yi, kullum.

Ƙusa ba ta gudu, ka bari sai ka dawo.

Allah ya yi maka albarka.

Yayarka,
Jawahir

*

Rijiyar Lemo

Yaya Jawahir,

Assalamu alaikum. Na yi yadda kika ce. Goni ya yi mini faɗa sosai, wai na sa shi asarar tofi. Sannan ya ce, “Babanka in zai yi karatu, hularsa yake ratayewa a reshen lemo. In mun ga hula, bakinmu alaikum har sai ya sauke. Kai me ka rataya?”

Na tambayi Inna. Ta buɗe akwati ta miƙo mini hular Baba, zannar nan mai ruwan toka. Har yanzu da ƙamshin turarensa.

Ranar taro na rataye ta. Ta taga na ga Goni ya shigo, ya ɗaga kai, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ya goge ido da hannun riga, ya zauna a tabarma, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa reshe da sanda. Ko tari ba a yi ba.

An tabbatar da ni. Madam Precious ta ce shiru ya yi, sai dai muryata ce ta shaƙe, ko jikin ne har yanzu? Na ce mata da sauƙi.

Na sauke hula, Inna ta aiko da shayi. Cajata dai da Alhaji Abdulnasir ya ara har yanzu tana aljihunsa.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Baha