Ƙorafi Kan Mutanen Anarband Da Ba A Ƙirga Ba

Zuwa ga:
Mai Girma Gwamnan Lardi,
Ta hannun Sakataren Kwamitin Sake Fasalin Gundumomi.

Daga:
Bahador Kuhzad, ɗan marigayi Safarali mai yasar rijiyoyi,
Unguwar Bayan Tsohuwar Kotu, Anarband.

9 ga watan Azar, 1402, Hijira Shamsiyya.

Game da: Shawarar ɗauke hedikwatar gunduma da asibitinta daga Anarband zuwa Nawdasht, bisa ƙidayar da ba ta cika ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa kan rubutuna. A aji tara na bar makaranta, kuma ba wanda ya rubuta mini wannan takarda. Wata biyu da suka wuce, ranar 4 ga watan Mehr, aka liƙa sanarwa a ƙofar ofishin gunduma, cewa ƙidayar da aka yi wata huɗu kafin nan, a watan Khordad, ta sami mutum 8,614 kacal a garinmu, alhali ana bukatar dubu goma kafin gari ya ci gaba da riƙe hedikwata. An ce daga 1 ga watan gobe, wato Dey, ofisoshi da kotu da sashen wankin ƙoda na asibiti za su koma Nawdasht. Ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Anarband ce hedikwatar wannan gunduma shekara casa'in da huɗu ke nan. Kafin nan ma, a nan ayari ke zango kafin ya hau dutse. Kakana na cikin waɗanda suka ɗauko duwatsun da aka gina kotu da su, shi ya sa ya mutu da karkatacciyar kafaɗa. Ba na musun cewa Nawdasht ta fi mu girma tun da babbar hanya ta bi ta can. Ban kuma rubuto don son gari ba. Sau biyar ina barin garin nan da rantsuwar ba zan dawo ba. Na yi dako a tashar jiragen ruwa, na yi aikin gini, na bi masunta. Duk kasuwa ta san bakina a kan Anarband.

2. Ƙidayar ba daidai take ba, kuma dalilin daga wurinmu yake. A zamanin da, masu mulki sun aiko aka ƙirga gidaje, bayan wata biyu suka dawo da takardar, suka ɗauki namiji ɗaya daga kowane gida zuwa aikin fasa hanyar dutse. Kaɗan ne suka dawo. Tun daga lokacin, idan baƙo mai takarda ya tambayi mutumin Anarband su nawa ne a gidansa, sai ya rage ɗaya. Tsofaffi suna cewa wanda aka ƙirga, mugun ido ya kama shi. A baya malaman makarantar garin ke yin ƙidaya, kuma sun san mu: ba sa tambayar mai gida, maƙwabcinsa suke tambaya. A bana an turo ma'aikata daga babban birni. Mutanen kirki ne, sun sha shayinmu, sun rubuta abin da aka faɗa musu, sun tafi. Ba wanda ya faɗa musu a tambayi maƙwabci.

3. Ni kaina ba na cikin lissafin. Ranar 11 ga Khordad ina kan rufin gidanmu ina gyaran indararo lokacin da ma'aikaciyar ta zo. Da kunnena na ji mahaifiyata, Nane Mahtaj, ta ce mata: “Ni da 'yata Golnesa ce kawai, 'yar nan. Ba kowa kuma.” A lokacin fahimtata ita ce, wanda gida ke jin kunyarsa shi ake ɓoyewa. Ban sauko na gyara maganar ba. Na ɗauki jakata na kama hanyar tashar jiragen ruwa, ban yi sallama da kowa ba, na yi wata huɗu a can. Wannan laifina ne, na amsa shi a rubuce.

4. Mahaifiyata tana wankin ƙoda sau uku a mako, Asabar da Litinin da Laraba. Daga ƙofarmu zuwa asibiti tafiyar minti goma ce, Golnesa ke tura ta a keken marasa lafiya. Nawdasht kuwa tafiyar awa uku ce ta kan dutse, kuma Mai Girma ya san ƙanƙara na rufe wannan hanya daga Dey zuwa ƙarshen hunturu. Bara ta rufe kwana goma sha ɗaya a jere. Na tambayi likita kwana nawa za ta iya yi ba wanki, ya kalli ƙasa ya ce kada ta wuce mako. Mutum goma sha bakwai ne ke hawa na'urar wankin ƙodar. Ba mu da kowa a Nawdasht, kuma an ranƙwashe mu da ranar ɗaya ga Dey, ranar da sanyi ke kankama. Ranka ya daɗe, saura kwana ashirin da ɗaya.

5. Da Golnesa ta kira ni ta faɗa mini sanarwar, na dawo na fara bin gari gida gida da littafi. Kwana uku na farko ba wanda ya ba ni suna. Mashdi Gorgali mai gasa gurasa ya tsaya a bakin tanderunsa ya ce: “Kai da aji tara ya fi ƙarfinka za ka ƙirga gari? Fara ƙirga garuruwan da aka kore ka tukuna, ɗan Safarali.” Na ce: “Mashdi, matarka ma ranar Litinin take hawa na'urar nan.” Ya jefe ni da kwandon gurasa. Washegari matarsa ta aiko mini da kasko da turaren isfand da muke ƙonawa don kau da mugun ido, ta ce in shiga kowane gida da hayaƙi, a faɗi sunan cikin hayaƙin. Da haka aka fara buɗe mini ƙofa. Kwana arba'in na yi ina yawo da kaskon, har yanzu idanuna jajaye ne.

A nan na ga abin da ban sani ba. Mashdi Gorgali, da hayaƙi ya rufe shi, sunan jikarsa mai in'ina ya faɗa, wadda yake goyawa a kafaɗa zuwa makaranta, kuma yana faɗa yana kuka. Gida bayan gida haka: auta, ko ɗan da aka samu bayan dogon jira, ko tsohuwar da kowa ke gudun rasawa. Ashe wanda aka fi tsoron a ɗauke shi ake ɓoyewa.

Na sami sunaye 1,412, kowane da lambar katin haihuwarsa da dangwalen mai gida. Idan aka haɗa da na farko, mun kai 10,026. Tun da na fara mutum uku sun rasu, na soke su kafin in yi wannan lissafi; an haifi biyar, ban saka su ba, don kada a ce na yi cushe.

6. Na kai littafin ofishin gunduma ranakun 18 da 22 da 29 ga watan jiya, Aban. Na farko aka ce mai karɓa ya fita. Na biyu aka ce an rufe ƙidaya. Na uku magatakarda ya ce: “Ɗan'uwa, ni ma kayana nake ɗaurewa. Ku da kuka yi ƙarya da bakinku, wa za ku kai ƙara?” Bai ko buɗe littafin ba. Na ɗaga murya, mai gadi ya fitar da ni. Ina neman afuwa kan ɗaga muryar.

Saboda haka, ina roƙon Mai Girma cikin ƙasƙantar da kai:

Na ɗaya, a dakatar da ƙaurar 1 ga Dey har a duba littafin da na haɗo da wannan takarda.

Na biyu, a turo wanda aka yarda da shi ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Zan riƙe masa kasko. Idan ya sami suna guda na ƙarya, a ɗaure ni.

Na uku, idan duk wannan ba zai yiwu ba, a kwashe ofisoshi da kotu da tutar, a bar mana na'urar.

Suna na ƙarshe a littafin, lamba 1,412, nawa ne. Gidanmu na bari ƙarshe don na kasa tambaya. Jiya bayan an dawo da mahaifiyata daga asibiti na kunna isfand a gabanta, na ce: “Nane, ku nawa ne a gidan nan?” Ta ce: “Sakarai. Sau biyar hanya tana raba ni da kai, sannan in miƙa ka ga takarda da hannuna?” Na ce idan ba ta faɗa ba za a ɗauke na'urar. Ta ce: “To a ɗauke.” Sai da Golnesa ta durƙusa tana roƙonta, sannan ta faɗi sunana a hankali, ta dangwala yatsa, ta riƙe mini wuyan hannu ta ƙi saki har turaren ya mutu.

Ranka ya daɗe, ta ba da ni. Ina roƙo kada ya zama a banza.

Naka cikin biyayya da ladabi,

Bahador Kuhzad,
mazaunin Anarband.