Shafin da Babu a Littafin Ajinmu

Guimaras, Filifin, 9 ga Mayu

Ƙawata Glenda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Dublin? Mu nan lafiya lau, mangwaro ya nuna har yana zuba ƙasa.

Na karanta littafin da kike haɗa mana na cika shekara ashirin da biyar da gama makarantar jinya. Sannu da ƙoƙari. Ashe Rodel ya zama shugaban ma'aikatan jinya a Texas, har da tumbi. Marivic ta aurar da 'yarta a Toronto. Analyn, wadda ta suma ranar da muka fara ganin jini, yau ita ke riƙe da ɗakin tiyata a Dubai. Na yi musu murna har cikin raina.

Sai na zo kan sunana. Kin jera kowa a shafin ƙasar da yake aiki, ni kuwa kika cusa ni can ƙarshe, kika rubuta wai ina shirin tafiya Kanada. Glenda, yaushe muka yi haka da ke? Na san tausayi ne, kada a ce Editha da ta zo ta ɗaya a aji ta ƙare a ɗakin shan magani na ƙauye. To, riƙe tausayinki. Sau biyu biza tana fito mini, ina ninkewa ina sawa a akwati. Ba rasawa na yi ba, zama na zaɓa.

Kafin a buga, goge ƙaryar nan, ki buɗe shafi mai suna Filifin. Rubuta cewa rabin yaran garinmu a hannuna aka haife su. Rubuta cewa ni na rufe wa mahaifin Rodel ido ranar da ya rasu, shi Rodel yana kallo ta waya. In ba za ki iya ba, cire ni gaba ɗaya, har hotona.

Ran Talata na je auna jinin mahaifiyarki, Nanay Pacing, kamar kullum. Mantuwarta ta ƙaru. Kwalin gwangwanaye da man shafawa da kika aiko yana nan, ba ta buɗe ba. Ina ɗaura mata abin awo a hannu ta dube ni ta ce, "Glenda, 'yata, kin dawo ke nan?" Na ce mata e, na dawo. Ranar ta cinye shinkafarta tas.

Wannan kada ki sa a littafi, naki ne ke kaɗai.

Ki gaida mutan gida.

Taki har kullum,
Editha