Baba Ya Ƙi A Tsayar Da Shi

Zongo, Lome

Zuwa ga Yaya Alasan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Abijan. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwan sama da ya cika mana lungu.

Yaya, zancen Baba ne. Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya ƙi motsa ƙafar nan. Likita ya ce in ya ci gaba da zama, ƙafar za ta mutu gaba ɗaya. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi, mutumin nan ko a jikinsa.

To, Fatouma tawa da ƙawayenta na iniversite suna da wani wasa da suke yi ran Lahadi a barandarmu. Takarda ce mai gidaje gidaje, da ƙananan mutum-mutumi na jarumai da ƙwayar ludo, suna yaƙin ƙarya da baki, kowa da lokacinsa. Da Baba ya ga ƙwayar ya ɗaure fuska, ya ce caca ce. Fatouma ta rantse babu ko sisi a ciki. Ka san shi da musu, sai ya ja kujera yana kallo don ya kama su.

Abin da ya dame shi wai yaya jarumi yana cikin gudu zai daskare ya jira wasu su yi nasu. Fatouma ta ce ba daskarewa ya yi ba. Kowane jarumi yana da iyakar gidajen da zai taka in lokacinsa ya zo, amma in ya ƙare yana gudu sai a ajiye masa marfin kwalba a gefe. In zagaye ya dawo kansa, gudun nan yana nan, ya ƙara nisa, bugunsa ma ya fi ƙarfi. In kuwa ya tsaya, a kwashe marafan duka, ya koma farko. Baba ya sa ta maimaita. Ya daɗe yana juya marfin a hannunsa mai lafiya.

Washegari na fito da kokonsa, na tarar da shi tsaye, dafe da bango, yana taka karo ɗin baranda, wato tayil ɗin daɓen, gida bayan gida. Na ruga da kujera, ya daka mini tsawa irin wadda yake yi wa ɗalibansa da, wai kada in kwashe masa marafansa. Kullum yanzu sai ya ɗara na jiya. Ban taɓa ganin ikon Allah irin wannan ba, shekara da shekaru yana karantar da mutane, ga jikarsa ta tashe shi da marfin lemo.

Ya ce in gaya maka, in ka zo da Sallah kada ka shigo ɗaki nemansa. Ka tsaya a bakin ƙofar gida, shi zai zo ya tare ka.

A gaida Anti Meimuna da Idrisu. Fatouma na gaisuwa.

Ƙanwarka,
Hussainatu