Dunduniyar Da Na Rage

Goliad, Texas
8 ga Afrilu, 1878

Zuwa ga maigidana Ransom Tolliver, na garken Mista Harlan. A ajiye masa a gidan waya na Fort Griffin.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya hanya, yaya ciwon gwiwar nan? Ina gaida Eusebio da sauran abokan tafiya, ka kuma shafa min wuyan dokinka Deacon. Mu nan lafiya lau. Masara ta tsiro, jar saniyar ta haihu, mace. Na yi rubutun da manyan baƙaƙe don ka karanta da kanka, kada ka ba kowa.

Maigida, in a kan doki ka buɗe takardar nan, ina roƙonka ka sauka tukuna. Kada ka sake sa ƙafa a likkafa sai ka kwance ƙunshin da na haɗo da ita.

Ka san wata bakwai ke nan da aurenmu, kuma ni a gonar auduga na tsufa, ban san shanu ba sai a gidanka. Tun zuwana nake kallonka kana tafiya daga ƙofa zuwa rijiya cikin dogon takalminka, kana ɗingishi kamar mai taka ƙaya. Na riƙa cewa a raina, wane baduku ne marar tausayi ya yi wa mutum ɗan shekara arba'in da bakwai dunduniya mai tsawon yatsu uku? Ana gobe za ku tashi ka ba ni takalman in shafa musu kitse, ka tafi gyaran shinge. Mahaifina baduku ne, na iya riƙe wuƙa da basilla. Sai na ɓamɓare fata yatsu biyu daga kowace dunduniya, na mayar da ƙusoshi, na goge. Na yi ne don ka ji daɗin tafiya, Allah Shi ne shaidata.

Da safe ka sa su, ka miƙe, ka daɗe kana kallon ƙasa. Eusebio yana kan doki a bakin ƙofa ya ce, "Kai tsoho, korar shanu za ka ko ɗaurin aure? Wa ya yi wa takalminka aski?" Ka ɗaga kai ka dube shi, nan take ya bar dariyar. Sannan ka juyo ka ce min, "Sun yi daɗi, Mahala. Sannu da aiki." Na wuni ranar ina jin kaina wata gwana.

Jiya Baba Lemuel mai ɗinkin sirdi ya zo karɓar ƙwai. Na ɗauko guntayen fatar na nuna masa, har da alfahari. Ya ajiye kwandon a ƙasa ya ce, "'Yar nan, ke kika yi wannan? Kuma ya tafi da su?" Ya ja ni rumfa wurin tsohon sirdinka, ya cire takalminsa ya tura a likkafa. Dunduniyar ta toge, ta ƙi wucewa. Ya ce in miƙo nawa. Nawa ya shige sulluɓ ya faɗo ta ɗaya gefen. Ya ce, "To, ki sa ƙafar mutum a ciki, ki sa doki ya firgita." Ya ba ni labarin wani da ya gani da idonsa doki ya ja shi mil biyu, a cikin rigar ruwansa suka tattara shi. Ya ce duk abin da ke jikin mai korar shanu, daga malafa har ƙaimi, babu na ado, kowanne akwai kabarin da ya sa aka ƙirƙiro shi.

Na ƙirga kwanakin da yatsuna. Kwana ashirin da uku kana hawa da abin da hannuna ya yi, ni ina nan ina ban ruwa ga kabewa.

A cikin ƙunshin akwai sabuwar dunduniya guda biyu da Baba Lemuel ya yanka, da ƙusoshi. Ya ce kowane maƙeri zai buga maka su kafin kofi ya huce. Ina ta gaya wa kaina wataƙila kun ratsa San Antonio ka gyara tun tuni. In haka ne ka yi min dariya yadda kake so, amma ka aiko min da layi ɗaya.

Ka yafe min. Allah Ya tsare gabanka da bayanka.

Matarka,
Mahala


Goliad
19 ga Mayu, 1878

Maigida,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka, ko da yake yau ban san wa nake tambaya ba. Mu dai muna nan. Na je gidan waya sau shida, har mai ba da wasiƙu ya fara girgiza min kai tun daga nesa don ya rage min tafiya.

Tun daga waccan takarda nake bin kayanka ɗaya bayan ɗaya a raina, ina neman inda kuma na yi ɓarna. Na dami Baba Lemuel da tambaya. Na ce adikon wuyanka fa, na yi masa sabon kalmasa. Ya ce, "Adiko dai bai taɓa kashe kowa ba, 'yar nan, ki bar ni in yi aiki." Na ce na yi wa wandonka na fata faci a gwiwa. Ya ce babu laifi. Sai na tuna siririyar igiyar nan da ke haɗa wandon ta gaba, wadda ta kusa tsinkewa. Na gaya masa na so in canza ta da kiri mai ƙwari ninki biyu, lokaci ne ya ƙure min. Ya cire tabarau ya ce, "Ki gode wa Allah da Ya ƙure miki shi. Da gangan ake barinta rarrauna, don in ta maƙale a ƙahon sirdi ta tsinke ta saki mutum." Ka ji, Maigida. Ashe sau biyu na nufe ka, sau ɗaya aka tare ni. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar Alhamis wani mai amalanken fatu ya sauka a kasuwa daga arewa. Na ji yana ba maza labarin hanya, na matsa na tambaye shi ko ya gamu da garken Mista Harlan. Ya ce ƙwarai, kwana uku kafin Fort Griffin, kuma ya same su cikin tashin hankali, don doki ya ja musu mutum ɗaya ta likkafa. Ya ga an kwantar da shi a keken abinci, an lulluɓe shi da bargo. Na ce da rai ko babu? Ya ce shi ƙafafu kawai ya hango. Na ce wane ne? Ya ce, "Uwargida, baƙar fata ne dai, ni ban tsaya tambayar sunan kakansa ba, rana tana yi min." Na ce takalmansa fa, yaya dunduniyarsu take? Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, mazan suka yi dariya. Na ɗauki kwandona na taho.

Kwana uku kafin Fort Griffin. Wato ƙunshina yana can a kan kanta yana jira.

Ku uku ne baƙaƙe a tafiyar nan. Zan faɗa maka wani abu da ban faɗa wa kowa ba. A hanyar komawa gida na kama bakina yana roƙon Allah Ya sa ɗaya daga cikin sauran biyun ne. Sai yau Lahadi na shiga majami'a na zauna kusa da Delphine, matar Wiley, ɗaya daga cikin biyun nan, da 'ya'yanta huɗu a jere, ƙaramar tana wasa da gefen rigata. Ita ma ta ji labarin. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya Mahala, mu yi wa juna addu'a." Na kasa haɗa ido da ita. Ita tsoro kawai take ji. Ni na san dalilin da zai sa ƙafar mutum ta wuce likkafa, kuma na san a gidan wa aka yi shi. Na tuba daga waccan addu'a, amma ban sami wadda zan sa a madadinta ba, don duk yadda na juya ta sai ta faɗa kan mijin wata.

Ka san abin da ya fi ci min rai? Tsayuwar nan da ka yi kana kallon ƙasa. Ka gani, ka sani, shekara talatin kana kan doki. Me ya hana ka magana? Da ka jefe ni da takalmin, da yanzu na warke.

In kana da rai, ko ba ka iya riƙe alƙalami, ka sa wani ya zana min sunanka kawai a takarda. In kuwa wani ne ya buɗe wasiƙar nan ba mai ita ba, bawan Allah, ka ji tausayina ka rubuto min gaskiya, ko wace iri ce.

Taka, a kowane hali,
Mahala Tolliver


Goliad
7 ga Yuni, 1878

Maigidana,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Yaya jiki? Yaya ƙafar, yaya haƙarƙarin? Sannu. Sannu, Maigida. Na rubuta kalmar nan na zauna ina kallonta, don na ɗauka ba zan sake samun wanda zan ce wa ita ba.

Shekaranjiya da hantsi ina shanya na hango Eusebio. An aiko shi ya ja garke na biyu zuwa arewa. Ya sauka tun daga bakin shinge, ya jawo dokinsa a ƙasa, malafa a hannu. Ka san abin da wannan ke nufi a wurinmu, saƙon mutuwa. Na saki kayan da ke hannuna, na riƙe igiyar shanya. Da ya ga haka sai ya yar da malafar ya rugo yana ihu, "Yana da rai, Yaya! Yana da rai, har yana zagin likita!" Na ce to don me ka cire malafa, ɗan banza? Ban taɓa zagin baƙo a ƙofata ba sai ranar. Ya ce kunyata yake ji, domin shi ne ya harbe Deacon.

Na sa shi ya faɗa min komai, ban bar shi ya tsallake ko kaɗan ba. Ya ce da tsakar rana ne, wani bijimi ya ɓalle, ka bi shi ka zarga masa igiya, bijimin ya fizga, Deacon ya faɗi, ya tashi a firgice da ƙafarka ta hagu a cikin likkafa har idon sawu. Ya ce ya bi ku yana ganin kanka yana dukan ƙasa, ya jefa igiya ya kuskure, sai ya zare bindiga. Ya yi kuka a kan teburina, namiji da gemunsa. Shekara tara kana tare da dokin nan. Alhakinsa ma yana wuyana, ba a wuyan Eusebio ba, kuma na gaya masa haka.

Ya ce ba ku shiga San Antonio ba, kun zagaye ta yamma saboda ciyawa. Ya ce tun daren farko ya ba ka aron likkafunsa masu rufin fata a gaba, waɗanda ƙafa ba ta wucewa, ka ce ya riƙe kayan kakanninsa, za ka gyara a Fort Griffin. Ya ce ƙafar ta karye wuri biyu, likita ya ce za ka taka da sanda, amma kai da korar shanu zuwa Kansas kun yi sallama.

Sannan ya faɗi abin da ka hana shi faɗa. Wai da shugaban tafiya ya cire maka takalmin ya ga dunduniyar, ya tambayi wane jaki ne ya yi wannan, kai kuma da jini a bakinka ka ce kai ne da hannunka. Ya kira ka tsohon wawa a gaban yaran da kai ka koya wa riƙe igiya, kuma har yanzu Manomi suke ce maka, wai manomi ne ke sa takalmi mai gajeriyar dunduniya.

Maigida, na gode, amma ban karɓa ba. Jiya na sa rigata ta Lahadi na tafi shagon Baba Lemuel a lokacin da mazan garke na biyu suka cika shi, Mista Harlan ma yana nan yana duba linzamai. Na ajiye guntayen fatar a kan teburin aiki na ce ni na rage dunduniyar Ransom Tolliver ba da saninsa ba, kuma duk wanda zai kai labari arewa ya kai shi daidai. Na maimaita don kowa ya ji. Ba wanda ya yi dariya. Mista Harlan ya ce in ka warke yana neman mai kula da kayan sirdi a gida. Ban amsa masa ba, wannan maganarka ce.

Jibi zan taso zuwa Fort Griffin inda kake kwance, da amalanken masu kai gishiri, sun ce kwana ashirin in koguna ba su cika ba. Delphine za ta riƙe min shanu da kaji. Ina tsoron hanyar, ina kuma tsoron ganin ƙafar, ba zan ɓoye maka ba. Amma zan zo in ɗauko ka.

Abu ɗaya nake roƙo kafin in iso, ka yi tunaninsa kana kwance. Ni ba yarinya ba ce, shekarata arba'in da huɗu, na binne miji ɗaya, kunya ba za ta kashe ni ba. Zan sake yin kuskure a gidanka, don har yanzu akwai abubuwa da yawa na sana'arka da ban sani ba. Ranar da na yi, ka faɗa min a take, a bakin ƙofa, ko da gari duka yana tsaye yana ji. Kada ka sake ce min sannu da aiki ka hau doki.

Ka ci abinci, ka daina zagin likita. Allah Ya ba ka lafiya, Ya haɗa fuskokinmu.

Matarka mai zuwa,
Mahala