Alayyafon Inna

Bukkuyum

Ƙanena Naziru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da matarka Basma da yara.

Bayan haka, ka ƙona mani rai. Na tafi Anka wankan jegon ɗiyata, na bar maka gida don ka kwana ranar kasuwa, ba don ka yi mani gyara ba. Na dawo na tarar ka tuge alayyafon da na bari ya tsufa a bayan ɗaki, ka watsa wa awaki, ka dasa mani furanni. Ba ka ga tsumman da na ɗaure masa ba? Ko yaro ya san na iri ne. Irin Inna ne, Allah ya jiƙanta, wanda na ƙullo a bakin zane ranar da 'yan bindiga suka koro mu daga Zugu. Ko ƙwaya ban rage ba. Da fure zan kaɗa miya?

Ka huta lafiya, in ka iya.

Yayarka, Hamida

Gummi

Yaya Hamida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina maki barka da dawowa.

Ni dai na ga abu ya kai tsawon mutum, ganye ya yi tauri, na ɗauka ciyawa ce. Furannin nan roƙo na yi wurin Madam Dorcas, malamar makarantarmu, na goyo su a babur don in faranta maki. Ashe ladan ke nan! Kuma Inna ba ke kaɗai ta haifa ba, ni ma abin ya ci mani rai. Wannan alayyafo yakan fito da kansa a tsohuwar garkarmu. Jibi zan shiga Zugu in ɗebo maki iri, in huta da gori.

Wassalam, ƙanenki Naziru

Bukkuyum

Basma,

Sallama da gaisuwa. Direban da ya kawo takardar mijinki ya ce ta kwana biyu a motarsa, ya manta. Wayarku kuma ba ta shiga.

Wane irin taurin kai ne wannan? Hanyar da masu gonakin ma suka haƙura da ita! In bai tafi ba, ki sace iskar babur ɗin, ki ce ni na sa ki. Ki ce masa na yafe, ganye ne kawai.

In kuma ya tafi, ki aiko ko wane ne ya gaya mani. Ina tasha zaune. Ni da bakina na tura shi.

Hamida